Wane Katin Memori Ya Kamata a Saya? Kwatanci Domin Masu Waya, Rediyo da Na'urar Sauraren Sauti

Mafi yawan mutane a tsaye suke sayen katin memori, a teburin mai sayar da caja da murfin waya, kuma tambaya biyu kawai suke yi: giga nawa ne, nawa ne kuɗinsa. Sai an kai gida sauran tambayoyin suke tasowa, lokacin da rediyo ta ƙi karanta katin, ko hotunan da aka ɗauka jiya suka ƙi buɗewa yau, ko waya ta nemi a goge komai kafin ta yarda ta yi aiki da shi. Kuɗin katin ba wani abu ba ne idan aka kwatanta da kuɗin waya, amma abin da ake zubawa a cikinsa, wato hotunan iyali, karatun da aka ɗauki shekaru ana tarawa, darussan makaranta da bayanan ciniki, sau da yawa ya fi wayar kanta daraja. Saboda haka kafin a duba nau'o'in katin da ke kasuwa, ya dace a fara sanin abubuwan da za a auna su da su.

Ma'aunan da za a duba

Na farko, wanda kuma ya fi kowanne muhimmanci, shi ne dacewar katin da na'urar da za ta karanta shi. Ƙaramin katin da ake sa wa waya sunansa microSD, tsawonsa milimita 15, faɗinsa 11. Kamfanin SanDisk ne ya fito da shi a 2004 da sunan TransFlash, shi ya sa har yau ake ganin haruffan TF a gefen gurbin kati na rediyoyi da lasifikokin da ake kawowa daga China; TF da microSD abu ɗaya ne. A ido duk katunan kamarsu ɗaya, amma a ciki dangi huɗu ne. Tsohon SD yana tsayawa a giga 2. SDHC, wanda ya zo a 2006, yana kaiwa giga 32. SDXC na 2009 ya fara daga sama da giga 32 har zuwa tera 2, wato giga dubu biyu, sannan akwai SDUC na 2018 wanda bai shafi mai waya ba tukuna. Ƙa'idar ita ce sabuwar na'ura tana karanta tsohon kati, tsohuwar na'ura kuwa ba lallai ta gane sabo ba. Dalili shi ne katin giga 4 zuwa 32 yana zuwa da tsarin jera fayil da ake kira FAT32, wanda kusan kowace na'ura ta sani, yayin da na giga 64 zuwa sama yake zuwa da exFAT, wanda ƙananan wayoyi masu madannai da yawancin rediyoyi masu araha ba su san shi ba.

Na biyu shi ne girma, kuma a nan mutane suka fi yin sayen ganin ido. Lissafin ba shi da wuya. Sautin MP3 mai nauyin kilobit 128 a sakan, wanda shi ne matsakaici, yana cin kusan mega ɗaya a minti, wato mega 58 a awa guda. Katin giga 32 zai ɗauki sama da awa 500 na irin wannan sauti. Magana zalla, kamar wa'azi, tafsiri ko lacca, takan wadatu da kilobit 64, don haka tafsirin da aka yi awa biyu-biyu kullum har kwana talatin bai kai giga 2 ba. Bidiyo ne mai cinye wuri: abin da kyamarar waya ta ɗauka a 1080p yakan ci mega 100 zuwa 150 a minti, na 4K kuwa yakan ninka haka kusan sau uku. Akwai kuma wani abu da ke jawo rigima tsakanin mai saye da mai shago ba tare da laifin kowa ba. Kamfanoni suna ƙirga giga da dubu-dubu, kwamfuta kuma tana ƙirgawa da 1,024, shi ya sa katin 32 na ƙwarai yake nuna kusan 29.7, na 64 ya nuna kusan 59, na 128 ya nuna kusan 119. Wannan ragin ba alamar jabu ba ne.

Na uku shi ne gudu, wanda aka cika jikin kati da alamominsa har suka zama abin ruɗarwa. Lamba a cikin harafin C, kamar 4 ko 10, tana nufin mafi ƙarancin mega da katin zai iya rubutawa a sakan. U1 daidai yake da mega 10, U3 kuwa mega 30. V10 da V30 da V60 da V90 ma'aunin bidiyo ne, kuma lambar ita ce gudun. A1 da A2 wani abu dabam suke aunawa, wato saurin katin wajen ɗauko ƙananan bayanai da ke warwatse, irin aikin da manhajojin waya suke yi: A1 yana da alƙawarin karatu sau 1,500 da rubutu sau 500 a sakan, A2 kuma sau 4,000 da sau 2,000. Babbar lambar da ake bugawa a gaban kwali, kamar 150 ko 190, gudun karatu ne a mafi kyawun yanayi, kuma yawanci sai da na'urar karanta kati ta kamfanin ake samunsa, domin UHS-I, hanyar musayar bayani da kati da wayoyi suke amfani da ita, iyakarta mega 104 a sakan.

Na huɗu shi ne ƙarko. Irin wannan ma'ajiya, wadda Fujio Masuoka ya ƙirƙiro a kamfanin Toshiba na Japan a shekarun 1980, tana riƙe bayani ne ta hanyar tsare ɗan cajin lantarki a cikin ƙwayoyi ƙanana. Kowace ƙwaya tana da adadin gogewa da sake rubutawa da za ta iya jurewa kafin ta gaji, kuma yayin da ake cusa bayani mai yawa a ƙwaya ɗaya domin a rage farashi, juriyar tana raguwa. Karatu ba ya gajiyar da kati kamar yadda rubutu yake yi. Wannan ne ya sa katin da aka loda wa karatu sau ɗaya aka bar shi a rediyo yake daɗewa, wanda kuma aka sa a kyamarar tsaro yake mutuwa da wuri. Zafi yana gaggauta zubewar cajin, don haka katin da aka manta a gaban mota a watan Afrilu yana cikin haɗari ko da ba a taɓa shi ba.

Sauran biyun su ne farashi da haɗari. Katunan duka shigo da su ake yi, kuɗinsu yana bin dala, kuma tun watan Yunin 2023 da Babban Bankin Najeriya ya bar kasuwa ta yanke darajar naira farashin bai zauna wuri ɗaya ba. Hanyar da ta fi amfani ita ce a raba kuɗin kati da yawan gigarsa, a ga nawa kowace giga ta kama, sannan a kwatanta shago biyu ko uku. Haɗari kuwa iri biyu ne: a sayi jabu, ko a rasa abin da aka ajiye.

Kati marar suna da katin jabu

Waɗannan biyun ba ɗaya ba ne, ko da yake a faranti ɗaya ake jera su. Kati marar suna yana iya zama na gaskiya a girmansa, sai dai an yi shi da ƙwayoyin da ba su kai darajar farko ba. Kamfanonin da ke ƙera ainihin ƙwayar 'yan kaɗan ne a duniya, wato Samsung da SK hynix na Koriya ta Kudu, Kioxia na Japan, Micron da SanDisk na Amurka, da YMTC na China, kuma abin da ya faɗi gwajin inganci ba zubar da shi ake yi ba, yana samun hanyar shiga kasuwa. Irin wannan kati yakan yi aiki na wani lokaci, yana da nawa wajen lodi, kuma babu wanda za a kai wa ƙara ranar da ya tsaya.

Jabu shi ne mugun. Ana ɗaukar kati mai giga 8, a sauya bayanin da ke cikin ɗan injin da ke kula da shi ta yadda zai riƙa gaya wa waya cewa shi mai 128 ne ko ma tera guda, sannan a buga masa tambarin sanannen kamfani. Kamar mudun da aka bubbuga wa gindi yake, bakinsa daidai da na kowa amma abin da yake ɗauka bai kai ba. Waya tana yarda da abin da ya faɗa, don haka duba girmansa a saitin waya ba ya tabbatar da komai. Makonnin farko lafiya lau. Da zarar an wuce ainihin gigar takwas ɗin, sabon abin da aka zuba yana bi ta kan tsoho ko kuma ya tafi inda babu, amma sunayen fayilolin suna nan a jere kamar ba abin da ya faru. Mai katin ba zai sani ba sai ranar da ya taɓa bidiyon sunan ɗansa waya ta ce ba za ta iya buɗewa ba, kuma a irin wannan hali babu manhajar da za ta dawo da shi, domin tun farko ba a rubuta shi a ko'ina ba.

Alamar farko ita ce farashi. Katin microSD mai tera 1 bai fito ba sai a 2019, mai tera 2 kuwa sai wajen 2024, kuma har yanzu kuɗinsu ya kai na wata wayar. Duk wanda aka miƙa wa irinsa a kuɗin katin giga 32, an riga an ba shi amsa. Kwali da tambari ba hujja ba ne, domin masu jabun sun ƙware da kwaikwayo, kuma ana samun kayansu a kasuwa da kuma shafukan sayayya na intanet. Gwajin da ba ya ƙarya shi ne a cika katin har baki sannan a karanto abin da aka zuba. Manhajar H2testw ta kwamfuta mai Windows aikinta ke nan, haka ma F3 ga masu Linux da Mac, kuma duka kyauta ne. Wanda ba shi da kwamfuta yana iya cika katin da manyan bidiyoyi, ya cire shi ya mayar, sannan ya buɗe na farko, na tsakiya da na ƙarshe, yana ja gaba yana dubawa. Aikin yana ɗaukar lokaci, amma gara a yi shi a ranar saye, katin yana fanko, mai shago kuma bai manta fuskar mai saye ba. A manyan kasuwannin waya irin su Farm Centre da Titin Beirut a Kano ko Computer Village a Ikeja akwai masu shagon da suke ba da rasit kuma suke yarda a dawo da kaya, kuma ɗan abin da za a ƙara a saya a wurinsu bai kai asarar da ake gudu ba.

A ganina jabu ba shi da wurin zama a kowace na'ura. Marar suna kuwa, idan ya ci gwaji, ana iya ba shi aikin da asararsa ba za ta yi ciwo ba.

Katin ƙwarai mai giga 16 ko 32

Wannan shi ne zaɓin da aka fi rainawa, kuma shi ne ya fi dacewa da mutane da yawa. Yana cikin dangin SDHC, don haka ƙaramar waya mai madannai, rediyo mai gurbin TF, lasifikar Bluetooth, rediyon mota da tsofaffin na'urorin MP3 irin su Sansa Clip+ duka suna karɓarsa ba tare da wata dabara ba. Ana samunsa a jerin SanDisk Ultra da Kingston Canvas Select Plus da makamantansu. Idan aka lissafa kuɗin kowace giga yakan fi na 64 tsada, amma abin da zai fita daga aljihu a ranar ya fi ƙanƙanta.

Game da gudu, mai sauraren sauti ba ya buƙatar damuwa ko kaɗan. MP3 mai kilobit 128 yana buƙatar kilobait 16 ne kawai a sakan, alhali katin C10 mafi rauni yana ba da ninkin wannan sama da sau 600. Bambancin da za a gani a lokacin lodi ne kaɗai, wato mintocin da za a tsaya a gaban mai tura waƙoƙi da karatu.

Akwai kuma wani dalili da ba a rubuta a kwali ba. Rediyo mai araha ba ta da allon da za a zaɓi folda a kai, abin da take nunawa lamba ce ja mai tafiya ɗaya bayan ɗaya, da maɓallin gaba da na baya. Dattijon da aka loda wa fayil dubu uku a kati ɗaya, idan yana son wata sura ko wani darasi, zai yi ta danna maɓalli har ya haƙura. Wasu na'urorin ma jera fayil suke yi bisa yadda aka zuba su, ba bisa sunansu ba, wasu kuma suna ɗaukar lokaci suna ƙirga abin da ke ciki duk sanda aka kunna. Ga irin wannan na'ura, ƙananan katuna biyu ko uku, ɗaya na Alƙur'ani, ɗaya na tafsiri, ɗaya na waƙoƙi, sun fi babba guda ɗaya amfani. Iyakar wannan zaɓi ita ce FAT32 ba ya karɓar fayil ɗaya da ya kai giga 4, abin da ba ya shafar sauti amma yana iya hana dogon fim mai inganci shiga.

Matsakaicin kati mai giga 64 zuwa 256

Ga mai wayar Android, nan ne kuɗi ya fi yin daraja. Kuɗin kowace giga yakan sauka sosai a 64 da 128, kuma katunan wannan aji, kamar SanDisk Ultra da Samsung EVO Plus, suna ɗauke da alamar A1 ko sama da haka, wadda ta ishi hotuna, bidiyon 1080p da fina-finan da aka sauke. Yawancin wayoyin Tecno, Infinix da itel suna da gurbin kati, haka ma da dama daga cikin jerin Galaxy A na Samsung, amma ya kamata a zaro tiren a duba kafin a saya, domin a wasu wayoyin gurbi ɗaya ne kati yake rabawa da layi na biyu, kuma mai layi biyu zai zaɓi ɗaya.

Akwai abubuwa biyu da ke ba masu wannan kati mamaki. Na farko, WhatsApp, wanda shi ne ya fi cika waya, ba ya ajiye hotuna da bidiyonsa a kati. A rumbun waya yake zubawa, sai mai wayar ya riƙa kwashewa da hannu lokaci-lokaci. Netflix da Spotify da YouTube suna barin a sauke abu a kan kati, amma a kulle yake, ba zai yi wasa a rediyo ko wata waya ba. Na biyu shi ne tambayar da wasu wayoyi suke yi ranar da aka sa sabon kati, ko a yi amfani da shi a matsayin ma'ajiyar da ake cirewa ko a haɗe shi da rumbun waya. Wannan tsari na biyu ya zo da Android 6.0 a 2015, kuma yana kulle katin da mabuɗin da ke cikin wayar. Idan wayar ta faɗa ruwa ko aka mayar da ita sabuwa, katin yana nan garau amma ba mai iya karanta abin da ke ciki. Sai dai idan rumbun wayar ya yi ƙanƙantar da ba makawa, zaɓin farko ya fi aminci.

Wanda ya riga ya sayi katin 64 rediyonsa ta ƙi karɓa yana iya gwada sauya tsarinsa zuwa FAT32 a kwamfuta. Sau da yawa hakan yana aiki, ko da yake tagar fomat ta Windows ba ta ba da wannan zaɓi ga abin da ya wuce giga 32, sai an nemi wata ƙaramar manhaja. A kwashe komai tukuna, domin fomat yana share katin. Haɗarin wannan aji shi ne jabu ya fi yawa a cikinsa, musamman a 128 da 256, kuma girman katin yana sa mutum ya tara komai nasa a wuri guda.

Kati mai gudu: U3, V30, A2

SanDisk Extreme, Samsung PRO Plus da Kingston Canvas Go Plus suna wannan rukuni. An yi su ne domin kyamarori irin na GoPro, jirage marasa matuƙi masu ɗaukar hoto da kyamarorin masu ɗaukar biki, inda idan kati ya gaza karɓar abin da ake zuba masa ɗaukar take yankewa. Ga mai wannan sana'a ƙarin kuɗin halal ne, kuma yana rage zaman jira wajen kwashe aiki zuwa kwamfuta.

A cikin waya kuwa amfaninsa bai kai yadda kwali yake nunawa ba. Alamar A2 tana buƙatar wayar ita ma ta san wata dabarar jera umarni, kuma idan ba ta sani ba katin zai yi aiki ne kusan kamar A1. Ko mafi gudun kati bai kamo rumbun cikin wayar zamani ba, saboda haka manhajoji masu nauyi gara su zauna a ciki. Katunan UHS-II, masu layi biyu na haƙoran ƙarfe a baya, sun fi tsada nesa, kuma a waya layi ɗaya kawai zai yi aiki. A rediyo ko na'urar MP3, sayen kati mai gudu asarar kuɗi ce kawai.

Kati mai juriya

Wannan rukuni, wanda ake rubuta wa High Endurance ko PRO Endurance, ba ya alfahari da gudu, an gina shi ne domin rubutu ba dare ba rana. SanDisk yana cewa nasa mai giga 256 zai jure ɗaukar bidiyo har awa 20,000, Samsung kuma yana ba nasa mai wannan girma kusan awa 140,000. Ya fi matsakaicin kati tsada. Wurinsa kyamarar tsaro ta shago ko gida da kyamarar gaban mota, kuma ya kamata a sani cewa garantin katin yau da kullum a wasu kamfanoni ba ya aiki idan a irin waɗannan na'urori aka yi amfani da shi. A waya ba ya cutarwa, amma ba dole ba ne.

| Zaɓi | Farashi | Ƙarko | Sauƙin aiki | Babban haɗari |
|---|---|---|---|---|
| Marar suna ko jabu | Mafi araha | Ba tabbas | Yana da nawa, yana yawan tsayawa | Ɓacewar fayil ba tare da gargaɗi ba |
| Na ƙwarai, giga 16 ko 32 | Kaɗan, amma kowace giga ta ɗan yi tsada | Mai kyau, musamman a sauraro | Kusan kowace na'ura tana karɓa | Cika da wuri idan ana ɗaukar bidiyo |
| Matsakaici, giga 64 zuwa 256 | Mafi kyau a kowace giga | Mai kyau | Wayar Android. Tsofaffin na'urori sukan ƙi | Yawan jabu. Tara komai wuri ɗaya |
| Mai gudu, U3 da V30 | Mai tsada | Mai kyau | Kyamara da jirgin ɗaukar hoto | Biyan gudun da na'ura ba za ta amfana ba |
| Mai juriya | Sama da matsakaici | Mafi daɗewa a yawan rubutu | Kyamarar tsaro da ta mota | Ba kowane shago yake da shi ba |

Haɗarin da ya haɗa su duka

Ko katin ƙwarai yana mutuwa, kuma garantin kamfani, wanda yakan kai shekara goma a wasu, sabon kati yake bayarwa, ba ya dawo da hoto. Mutuwar takan zo da alama. Idan kati ya fara ƙin karɓar sabon abu, ko abin da aka goge ya riƙa dawowa, to ya kulle kansa ne saboda ƙwayoyinsa sun gaji, kuma abin yi shi ne a kwashe komai a ranar. Idan waya ta ce katin ya lalace a yi fomat, kada a amince da sauri. A cire shi a gwada a kwamfuta, domin manhajoji irin su PhotoRec da Recuva sukan ceto abu da yawa muddin ba a rubuta wani abu a kai ba. Zare kati yayin da ake rubutu a kansa, ko mutuwar batir a tsakiyar ɗaukar bidiyo, na cikin abubuwan da ke hargitsa tsarin fayil. Katin da ya tsage kuwa, ko da tsagar kamar gashi ce, yawanci ya tafi ke nan, don haka aljihun da ke da makulli da tsabar kuɗi ba wurin ajiyarsa ba ne.

Kwamfutar masu tura fina-finai da waƙoƙi tana karɓar katunan mutane iri-iri a yini, kuma ta nan ake ɗauko cutar da ke ɓoye foldoji ta bar gunkinsu na ƙarya a wurin. Fayilolin suna nan, ɓoye su aka yi, kuma mai gyaran kwamfuta yana iya fito da su. Duk da haka ba hikima ba ne a miƙa katin da ke ɗauke da hotunan iyali ga kwamfutar kasuwa, saboda cuta da kuma saboda sirri. Ya fi kyau a ware wani ƙaramin kati domin wannan zirga-zirga.

Wanne ya dace da wa

Mai rediyo, lasifika ko ƙaramar waya, wanda burinsa karatu, wa'azi da waƙoƙi, ya nemi na ƙwarai mai giga 16 ko 32, kada ya ƙara ko kwabo saboda gudu, kuma idan abin da yake sauraro iri-iri ne ya raba shi a katuna biyu. Idan na'urar tsohuwa ce sosai, wadda aka ƙera kafin 2006, giga 2 ce iyakarta.

Ɗalibi ko ɗan kasuwa mai wayar Android wadda rumbunta yake cika da hotuna da takardu, katin 64 ko 128 mai alamar A1 daga sanannen kamfani ya ishe shi, a gwada shi a ranar saye, a bar shi a matsayin ma'ajiyar da ake cirewa. Mai na'urar sauti ta musamman irin ta FiiO ko Walkman na Sony, wanda yake tara sautin da ba a rage masa inganci ba kamar FLAC, yana buƙatar girma, domin waƙa ɗaya takan kai mega 30. 256 na matsakaicin aji ya fi masa 128 mai gudu.

Mai ɗaukar bidiyon biki da taro ya tsaya a U3 da V30, kuma katuna biyu masu 128 sun fi masa ɗaya mai 256, domin idan ɗaya ya ci amana rabin aikin ne ya shiga matsala. Mai kyamarar tsaro ya sayi mai juriya tun farko.

Wanda wayarsa ba ta da gurbi kwata-kwata, kamar kowace iPhone da jerin Galaxy S tun daga S21 na 2021, ko wanda ba zai iya sadaukar da layinsa na biyu ba, zaɓinsa filashi mai bakin da ke shiga wurin caja, ko ƙaramar na'urar karanta kati da ake maƙalawa a nan, wadda ake sawa lokacin kwashe kaya sannan a cire. Wanda kuma abin da ya fi damunsa shi ne kada ya rasa hotuna da takardun da ba su da madadi, kuɗin da zai sa a kati ɗaya mai tsada gara ya raba shi biyu, ɗaya a waya, ɗaya a gida cikin ɗan kwalinsa nesa da zafi, yana sabunta kwafin duk bayan 'yan watanni, mafi muhimmanci daga ciki kuma ya ɗora su a giga 15 ɗin da Google yake ba kowane asusu kyauta.